Zuwa Taron Ƙara wa Juna Sani a Jami'ar Bayero ta Kano: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara sassan Jami'ar Bayero da ƙungiyoyin malamai suna kiran tarukan ƙara wa juna sani, na ƙasa da na ƙasa da ƙasa, kuma tambayoyin da baƙi ke yi kafin su taso kusan iri ɗaya ne. Ga waɗanda suka fi yawa. Ba a sa farashin mota ko na ɗaki ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin da aka faɗa yau ba ya kai wata biyu yana nan yadda yake.

Takardar gayyata ta ce "Jami'ar Bayero, Kano". Wannan bai isa adireshi ba?

Bai isa ba, kuma nan ne mafi yawan baƙi ke ɓata rabin yininsu na farko. Shigowa Kano abu ne mai sauƙi. Wahalar tana tsakanin tasha da ƙofar zauren taro.

Jami'ar ba a wuri ɗaya take ba. Akwai Tsohuwar Jami'a, wadda ke kan titin BUK (gajeren sunan jami'ar ke nan), daura da ganuwar birni, kusa da Kabuga. Ita ce mazaunin da jami'ar ta girma a cikinsa tun tana Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977. Akwai kuma Sabuwar Jami'a a kan titin Gwarzo, bayan an wuce Rijiyar Zaki, inda ofishin shugaban jami'a da babban ɗakin karatu da mafi yawan tsangayoyi suke. Zauren Musa Abdullahi da dandalin bikin yaye ɗalibai suna Sabuwar Jami'a. Zauren Mahmud Tukur, wanda aka sa wa sunan shugaban jami'ar na farko, yana Tsohuwa. Mutum zai iya zama a ɗaya daga cikinsu yana jiran a fara, alhali an yi nisa da jawabin buɗe taro a ɗayan.

Ba su ke nan ba. Taron da ya shafi siyasa, mulki ko tarihi sau da yawa a Gidan Mambayya ake yin sa, wato gidan marigayi Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, wanda yanzu cibiya ce ta jami'ar, can cikin gari ta wajen Dala. Taron likitoci da ma'aikatan jinya kuwa yakan kasance a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, wato ɗaya gefen garin ɗungurungum. Duk waɗannan "Jami'ar Bayero" ne a kan takarda.

Saboda haka kafin ka sayi tikiti, ka nemi abu uku a rubuce daga kwamitin shirya taro: wane mazauni, wane zaure, da lambar mutum ɗaya da zai ɗaga waya ranar. Ka kuma tambaya ko zaman gabatar da maƙaloli a wuri ɗaya za a yi da bikin buɗewa, don an saba a buɗe a babban zaure, bayan azahar a rarraba mutane ƙananan ɗakuna a wata tsangaya dabam.

Idan na ce wa direba ya kai ni jami'a, zai gane?

Zai ce ya gane. Kano tana da jami'o'i da yawa yanzu: akwai ta jiha wadda aka fi sani da Northwest, akwai tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kabuga wadda aka ɗaga ta koma jami'a, ga masu zaman kansu, ga ta Aliko Dangote a Wudil. Ka ce "BUK", sannan ka ƙara "sabuwa, titin Gwarzo" ko "tsohuwa, Kabuga". Ku gama magana a kan kuɗi bayan ka faɗi mazaunin, ba kafin nan ba, don kuɗin biyun ba ɗaya ba ne.

Zan zo ta jirgin sama. Yaya hanyar take daga filin jirgi?

Filin Jirgin Saman Malam Aminu Kano yana arewacin gari, a cikin garin ma za a ce, ba irin na Abuja da ake shafe tafiya kafin a ga gidaje ba. Daga Abuja kamar awa ɗaya ce a sama, daga Legas kamar awa ɗaya da rabi. Kamfanoni irin su Air Peace da Max Air da Rano Air sun saba zirga-zirgar cikin gida. Daga waje kuma Ethiopian Airlines da EgyptAir da Qatar Airways sun kasance suna sauka Kano. Jadawalinsu yana canzawa, ka duba na makon da za ka taso.

Daga filin, hanyar da aka fi bi zuwa Sabuwar Jami'a ita ce ta titin Katsina, a shiga ta Ƙofar Ruwa, a bi ta Tal'udu zuwa Kabuga, sannan a miƙe titin Gwarzo. Idan hanya a sake take, ba ta kai awa ɗaya ba. Da safe lokacin kai yara makaranta, ko da yamma lokacin tashi daga kasuwa, ka ƙara mata rabin abin da ka ƙiyasta. Kabuga, duk da gadar ƙasan da aka yi mata, maƙogwaro ce: duk wanda zai je Sabuwar Jami'a daga cikin gari kusan sai ya ratsa ta.

Manyan taruka sukan turo mota filin jirgi, amma galibi don manyan masu jawabi ne. Idan ba a ce maka za a ɗauke ka ba, kada ka tsaya jira. Akwai tasi a filin, akwai kuma motocin da ake kira ta manhajar waya.

Ni da motar haya zan zo. A wace tasha zan sauka?

Ya danganta da inda ka fito, kuma bambancin ba ƙarami ba ne.

Mai zuwa daga Abuja, Kaduna ko Zariya ta titin Zariya zai shigo, ya sauka Na'ibawa ko Unguwa Uku. Daga Abuja tafiyar kilomita ɗari huɗu da ɗoriya ce, an kuma daɗe ana aikin sake gina hanyar, don haka kada ka yarda da lissafin wanda ya bi ta shekara uku da suka wuce. Daga Unguwa Uku zuwa Asibitin Malam Aminu Kano taku kaɗan ne, amma zuwa Sabuwar Jami'a sai ka ratsa gari: Dangi, titin Gidan Zu, Gadon Ƙaya, Kabuga. Mai motar kansa zai iya kauce wa wannan ta hanyar kewaye ta yamma da ta tashi daga Na'ibawa.

Na Maiduguri, Damaturu, Gombe, Bauchi da Dutse ta Wudil suke shigowa, su sauka Mariri ko Unguwa Uku. Na Haɗeja da Gumel, 'Yankaba. Na Katsina da Daura, Ƙofar Ruwa, kuma waɗannan sun yi sa'a idan taron a Mambayya ne, don kusa take.

Waɗanda suka fi kowa sa'a, kuma suka fi kowa rashin sanin sun yi, su ne masu zuwa daga Sakkwato da Gusau da Funtuwa ta hanyar Malumfashi da Gwarzo. Motarsu ta gaban ƙofar Sabuwar Jami'a take wucewa. Da yawa sukan yi shiru har a kai su tashar Rijiyar Zaki ko cikin gari, sannan su biya wani kuɗin su dawo baya. Tun a tasha ka gaya wa direba a ƙofar BUK sabuwa za ka sauka, ka kuma roƙi a ɗaura jakarka a baki-baki, ba can ƙarƙashin buhuna ba.

Masu tasowa daga kudu a manyan motocin safa a Sabon Gari ake sauke su, sau da yawa da asuba ko da tsakar dare. Ka zauna a tashar har gari ya waye.

Shawara ɗaya ga kowa: motar farko ta safe. Kada ka shiga wadda za ta sa magariba ta riske ka a daji, musamman ta ɓangaren Zamfara da kudancin Katsina. Babu maƙalar da ta kai wannan kasada.

Jirgin ƙasa fa?

Rabin hanya kawai zai kawo ka. Jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, yana tashi daga Idu ya tsaya Rigasa. Daga nan sai ka nemi abin hawa zuwa tashar Kawo ka shiga motar Kano. Tun da ya dawo aiki a ƙarshen 2022, bayan harin watan Maris na wannan shekarar, ana neman lambar katin ɗan ƙasa wajen sayen tikiti. An ƙaddamar da aikin sabon layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi a 2021, amma kada ka ɗora tafiyar taro a kansu sai ka tabbatar an fara jigila.

Daga Nijar nake, ko Gana, ko wata ƙasa. Me zan tanada?

Malaman Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da na Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna zuwa tarukan Kano, musamman na harshe da tarihi da noma. Daga Maraɗi ta Ɗan Isa da Jibiya ake bi zuwa Katsina. Daga Damagaram ta Matamaye da Kwangwalam zuwa Daura. Dukansu tafiyar yini ɗaya ce idan iyaka ba ta riƙe mutum ba. To amma al'amarin iyaka ya daina zama abin da ake ɗauka da wasa: an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka buɗe a Maris ɗin 2024, sannan Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025. Ka zo da fasfo, da katin rigakafin shawara, da takardar gayyata a buge mai ɗauke da tambarin jami'a, da takardar izinin tafiya daga wurin aikinka. A shingayen hanya takarda mai hatimi ta fi dogon bayani aiki. Kwana biyu kafin tafiya ka tambayi direbobin tasha halin da iyakar ke ciki, sun fi kowa sani.

Sefa kuma ka canza ta a Wapa da ke Fagge, nan ne matattarar 'yan canji, amma ka riƙe 'yar nairar da za ta kai ka can.

Mai zuwa daga Gana ba ya buƙatar biza. Ya bi ta Legas ko Abuja ya canza jirgi, ya tuna agogon Nijeriya yana gaba da na Accra da awa ɗaya. Wanda ke buƙatar biza ya nemi takardar gayyata tun da wuri, don yanzu ta intanet ake neman ta kafin a taso. Kwamitin taro ba zai iya yin komai a kai ba idan ka tuntuɓe su saura kwana uku.

Ba zan iya isowa da safiyar ranar buɗe taro ba? Ai ba a farawa a kan lokaci.

Gaskiya ne an rubuta ƙarfe tara, manyan baƙi kuma sukan iso wajen goma da rabi. Amma teburin rajista ba ya jiran manyan baƙi. Jaka da baji da kundin tsakure na ƙarewa, kuma a wannan safiyar ne ake sake jera masu gabatarwa: wanda ba a gan shi ba sai a tura sunansa zaman ƙarshe na rana ta ƙarshe, lokacin da zaure ya koma mutum bakwai da mai kwashe kujeru. Ranar da aka rubuta "isowa" a jikin sanarwa, to ranar isowa ce.

Akwai kuma abubuwan da ba a hannun kowa suke ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan hana jirage sauka Kano, a jinkirta tashi ko a soke shi gaba ɗaya. A watan Agusta ruwan sa'a ɗaya ya isa ya mayar da wasu titunan gari kududdufi. Asabar ɗin ƙarshen wata ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe don tsaftar muhalli. Ranar Juma'a daga wajen sha biyu da rabi zuwa uku sahu yakan fito har kan titi a masallatai da yawa, a tare hanya. Idan jirginka na komawa ranar Juma'a da rana ne, ka bar jami'a kafin sha biyu.

Ina zan kwana?

Zaɓi biyu ne, kowanne da abin da yake ci. Manyan otal-otal irin su Tahir da Bristol suna gabashin gari, ta wajen Nasarawa da Farm Centre. Ɗakunan da kyau, wuta ba ta yankewa, amma kullum safe da yamma sai ka ratsa Kano daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙananan masaukai na Kabuga da Janbulo da Rijiyar Zaki sun fi araha, sun fi kusa, sai dai a yi bincike. Jami'ar ma tana da masaukin baƙi, haka Gidan Mambayya, amma ɗakunan ba su da yawa, sukan cika tun kafin mako ya zagayo.

A ganina, ga taron kwana uku a Sabuwar Jami'a, kusanci ya fi ƙawa. Kafin ka biya, ka tambayi mai karɓar baƙi ƙarfe nawa ake kunna janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, ko kuwa sola gare su. Ka shiga banɗaki ka murɗa famfo da hannunka. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, amsar tambayar janareta ita ce za ta nuna ko za ka tsaya gaban mutane da safe da idanu a buɗe.

Ɗaliban digiri na biyu da na uku sukan haɗa kai su kama ɗaki ɗaya, ko su sauka wurin 'yan'uwa. Babu laifi, illa dai gidan 'yan'uwa yana zuwa da gaishe-gaishe da jiran karin kumallo. Ka faɗa wa masu gida lokacin fitarka tun da daddare.

Da me ake yawo a cikin gari?

Adaidaita Sahu. An hana acaɓa a cikin birnin Kano tun 2013, saboda haka kada ka sa ran babur zai ƙwace ka daga cunkoso. Ko dai ka hau a haɗa ka da wasu, ana sauke wannan ana ɗaukar wancan, wataƙila ka canza a Kabuga. Ko ka ɗauki shata kai kaɗai. Ranar gabatar da maƙalarka ka ɗauki shata. Idan ka dace da direba mai natsuwa, karɓi lambarsa, ku yi alkawarin lokaci.

A 2022 gwamnatin jiha ta hana adaidaita aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ko ana tsaurara dokar a lokacin zuwanka ko ba a yi, samun abin hawa daga titin Gwarzo bayan isha'i ba ya da sauƙi, don haka idan akwai liyafar cin abincin dare ka san wanda zai mayar da kai tun kafin a zuba shinkafa. Waya kuma a aljihu, ba a hannu ba, musamman idan kai ne a bakin kujera. Ƙwacen waya matsala ce da mutanen gari da kansu suke kuka da ita.

Na iso ƙofar jami'a. Shi ke nan?

A Tsohuwar Jami'a, kusan shi ke nan, da ƙafa ma za ka ƙarasa. A Sabuwa kuwa da sauran tafiya. Fili ne makeke, daga ƙofa zuwa tsangayoyi ba tafiyar mai babbar riga da jakar kwamfuta ba ce da rana tsaka. Ba kowane adaidaita na waje ake bari ya shiga ba, don haka mai yiwuwa ka sauka a ƙofa ka hau na ciki. Akwai kuma motocin da ke jigila tsakanin mazaunan biyu, sai dai lokacin lacca layin ɗalibai yakan yi tsawo.

Masu gadi za su tambaye ka inda za ka. Mai mota za a ba shi kati, ya adana shi da kyau, da shi zai fita. Idan ka rikice, tambayi ɗalibi, ka ambaci sunan zauren ko tsangayar, ba taken taron ba. Ɗalibin da ya san zauren Musa Abdullahi ido rufe bai san ana wani taron ƙasa da ƙasa a cikinsa ba.

Wa zai biya kuɗin tafiyar?

A mafi yawan lokuta, kai. Kuɗin rajista na abinci ne da jaka da takardar shaidar halarta, ba ya ɗauke da mota ko ɗaki. Ma'aikatan manyan makarantun gwamnati suna iya neman tallafin halartar taro na TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, amma ta makarantarsu ake nema, ta hannun jami'in da ke kula da harkar asusun a can, tare da sanarwar taron da takardar karɓar maƙala. Yana ɗaukar lokaci, ba abin da ake farawa saura mako biyu ba ne. Wasu kuma sukan biya daga aljihu su nemi a mayar musu, wanda ke nufin kowane rasit dukiya ne: na rajista, na otal, da guntun tikitin jirgi.

Wajen biyan rajista, idan jami'a ce ko wani sashenta ke karɓa, galibi ta Remita ake bi, wato kafar biyan kuɗi ta intanet. Idan ƙungiyar malamai ce, asusun ƙungiyar. Abin da ya kamata ya tsayar da kai shi ne a ce ka tura kuɗi asusun wani mutum da sunansa. Ba kullum ne zamba ba, amma ka kira sashen da aka ce shi ke shirya taron ka ji daga bakinsu.

Ni mace ce, kuma da goyo zan zo. Zai yiwu?

Ana yi, Malama, kuma ba wanda zai yi miki kallon baƙon abu. Abin da zai sauƙaƙa miki shi ne ki zo da mai riƙe miki yaro, ki kama masauki mafi kusa ko da ya ɗan fi tsada, ki kuma gaya wa kwamiti tun da wuri a sa ki a zaman safe, kafin zafi da rigimar yaro su haɗu. Ki ɗauki shata maimakon a haɗa ki da fasinjoji. A mota mai nisa, biyan kuɗin kujera biyu ba almubazzaranci ba ne.

Me ake yawan mantawa da shi?

Maƙala a buge, kwafi biyu ko uku, don jagoran zama yakan nema, wuta kuma takan ɗauke ana tsakiyar nuna majigi. Filashi, ko da ka tura ta imel. Igiyar haɗa kwamfutarka da majigi, idan tata ba irin ta kowa ba ce. Katin shaidar wurin aiki. Tsabar kuɗi ƙanana: masu POS suna ko'ina, amma direban adaidaita ba zai tsaya jiran tiransifa ta shiga ba, kuma ba ya da canjin dubu da sassafe. Da sanyi, rigar sanyi da man shafawa da takunkumin ƙura. Da azumi kuma a tambaya ko za a tanadi abincin rana ga marasa azumi, don masu sayarwa da yawa sukan rufe.

Taron zai iya ɗagewa bayan na sayi tikiti?

Zai iya. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya tafi da taruka masu yawa. Ganin watan Salla, ranar zaɓe, ko jinkirin kuɗin masu ɗaukar nauyi duk sukan motsa rana. Ka shiga zauren WhatsApp na mahalarta, can ake fara sanarwa kafin a gyara takardar da ke yawo. Tikitin jirgin da ake iya canza masa rana ya fi wanda ya ɗan fi shi araha.

Yaushe ya kamata in kama hanyar gida?

Kafin ka yanke, tambayi yaushe za a raba takardar shaidar halarta. Wasu kwamitocin sai a zaman rufewa suke bayarwa, da gangan, don kada zaure ya watse. Idan dole ka tafi kafin nan, bar sunanka yadda kake son a rubuta shi wurin wani abokin aiki da zai tsaya, don karɓo ta daga nesa bayan an watse yakan ɗauki watanni. Masu mota mai nisa, kamar Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, su ƙara kwana ɗaya su tashi da asuba. Rufe taro yakan kai la'asar, motocin kirki kuma sun riga sun yi lodi sun tafi tun hantsi.